Hoton Teku a Ƙofar Hajiya Ƙaltume

A unguwar Nima ta Akra in ka tambayi gidan Zulkarnaini, za a ce maka ba shi da gida, amma za a nuna maka lungun da muryarsa take fitowa. Mai gyaran fanka ne, ko da yake fankar da ta shiga hannunsa tana juyawa takan fito tana tunani. Kuma bai taɓa cewa "ni" ba. Sai ka ji "Zulkarnaini ba ya aiki sau biyu," ko "Ku bar wa Zulkarnaini," kamar labarin wani yayansa da ke Turai yake ba ka.

Ɗaki ɗaya yake zaune da matarsa Rashidatu da 'yarsu Shifa, a gidan gwaggon matar, Hajiya Ƙaltume. A gaban gidan akwai shago mai kallon titi, a kulle tun da mai sayar da katin waya ya tashi. Mutum biyu suka ɗora wa shagon ido: Zulkarnaini, da Wasiu tela, wanda kekensa ke zaure yana tare wa mutane hanya. Shi Zulkarnaini har ya gama rubuta allon shagon a ransa, da fitila mai ƙyaftawa.

Da Hajiya za ta tafi Jamus ganin sabon jika, ta kira shi ta miƙa masa makullin falonta.

"Zul, fenti kawai nake so, ka ji? Fenti. In na dawo na ga aiki mai kyau, shago naka ne. In na ga irin aikin da ka yi wa fankata, Wasiu zai shiga."

"Mma Hajiya, ki tafi da kwanciyar rai. Zulkarnaini in ya taɓa bango, bangon godiya yake yi."

"Kada ya yi godiya. Ya bushe kawai."

Hajiya ta tafi, makulli ya kwanta a aljihu. Wata ya kama, wata ya ɓace, falo bai ga ko burushi ba, amma kowa a dandalin shan shayin ataya ya san kalar da za a yi da wadda ba za a yi ba. Sai ana saura mako guda ta dawo aka ɗauke shi ya taya ɗaukar kaya zuwa wani otal kusa da filin jirgi. Nan ya ga abin da ya hana shi sakat. A bangon otal ɗin an jera hotunan teku, baƙi da fari, babu ja babu kore, babu mutum babu tsuntsu, ruwa ne kawai da sama. Turawa na tsayawa a gabansu suna riƙe haɓa. Zulkarnaini ma ya riƙe tasa har mai kayan ya daka masa tsawa.

Da la'asar ya sauka a dandali kamar wanda ya dawo daga karatu.

"Cale, abokaina, ku fa a baya kuke. Yanzu masu kuɗi ba sa son kala. Kala ta talaka ce."

Wasiu ya kurɓi atayarsa. "Talabijin na kakana ma haka yake, baƙi da fari. Ashe mai kuɗi ne ba mu sani ba."

"Kai tela ne, idonka ya saba da atamfa. Zulkarnaini zai sa wa Hajiya teku a falo."

"Hajiya da ba ta yarda da hoton mai rai a inda take salla?"

"Shi ya sa teku! Teku ba shi da rai."

"Kifin da ke ciki fa?"

"Suna ƙasa, ba sa fitowa a hoto."

"To wa zai ɗauka maka?"

Zulkarnaini ya ɗaga wayarsa mai fasasshen gilashi, ya miƙe ƙafa don kowa ya ga farin takalminsa mai tsinin baki, wanda ko makaho a Nima ya san shi da ƙara. "Ido ne hoto, ba kyamara ba."

Ranar Litinin Rashidatu ta ɗauki Shifa za su Kumasi sunan ƙanwarta. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a ka.

"Baban Shifa, Juma'a Mma za ta sauka. Ni ma Juma'ar zan dawo in tare ta. Don Allah ka yi fentin nan kawai. Shekara nawa muna jiran shagon nan?"

"Ki tafi ki dawo ki ga abin mamaki."

"Abin mamakin nake tsoro," in ji ta, ta wuce.

Washegari Talata ya hau mota zuwa bakin teku wajen Jamestown. Ya zaɓi ranar ne da dabara, don masunta ba sa shiga ruwa ranar Talata, kwale-kwale duk suna kan yashi, teku fayau. Abin da bai lissafa ba shi ne, masuncin da bai shiga ruwa ba a bakin ruwa yake wuni. Duk inda ya juya waya sai mai rai. Nan masu ɗinkin raga, can mata masu ƙyafe kifi, ga awaki, ga wani alade yana tafiya da isa kamar shi ya sayi wurin. Ya kori akuya, kare ya shigo. Ya kori kare, leda ta taso ta manne a wayar.

Wani tsohon masunci da ke kishingiɗe a jikin kwale-kwalensa ya gaji da kallo.

"Abokina, me kana nema?"

"Teku nake so, shi kaɗai."

"Yau Talata. Yau teku yana hutawa, ba ya son baƙo."

"Baba, Zulkarnaini ba kamun kifi ya zo ba. Fasaha ya zo."

"Teku bai san bambanci ba."

Zulkarnaini ya naɗe wando ya shiga, da takalmin da komai, don a ganinsa mai fasaha ba ya tsayawa ba takalmi a gaban jama'a. Ruwa a idon sawu, akwai akuya a gefen hoto. Ruwa a gwiwa, akwai kan wani mutum. Da ruwa ya kai ƙugu sai ga abin da yake so: sama, ruwa, da wani tsohon kwale-kwale a ɗaure can nesa babu kowa ciki. Ya juyo ya yi wa tsohon murmushin nasara, kuma a daidai nan igiyar ruwa ta gaishe shi ta ƙeya.

Ta naɗe shi, ta juya shi, ta ba shi ya sha, sannan ta tofar da shi kan yashi kusa da aladen. Takalmi ɗaya ya tafi Abijan, ɗaya ya nufi Lome. Wayar ta yi fari fat ta mutu a hannunsa.

"Na ce maka yana hutawa," in ji tsohon, bai ko tashi zaune ba.

Ya dawo Nima ta lunguna, ba takalmi, ruwa na ɗiga daga rigarsa. A ƙofar gida ya ci karo da Amama, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan haya, wadda ba abin da ke shiga ko fita ba ta sa masa hannu ba. Ta gaishe shi, kunya ta hana shi amsawa, ya sunkuyar da kai ya shige.

Amma Allah ya rufa masa asiri ta wani gefen: ɗan katin da ke cikin wayar bai mutu ba. Ranar Laraba ya kai shi New Town, unguwar masu buga takardu, ya shiga shagon wani Bra Ebo. Shi Bra Ebo sana'arsa ɗaya ce tun yana saurayi, wato fostar mutuwa, irin wadda ake mannawa a ƙofar gida da jikin turakun lantarki. In ka shigo masa ka ce baƙi da fari, ba ya tambayarka na mene ne, kujera yake ba ka.

Suka buɗe katin. Hotuna sun fi a ƙirga, duk da akuya ko rabin alade, sai na ƙarshe kaɗai, wanda yatsansa ya danna yana cikin shan ruwa. Ga sama a karkace, ga kwale-kwale babu kowa, ga farin takalmi mai tsinin baki yana iyo a gaba.

"Wannan," in ji Zulkarnaini. "Babba nake so. Wanda babu irinsa ko a otal."

Bra Ebo ya dubi takalmin, ya cire tabarau, ya girgiza kai. "O, kafra. Sannu paa. Suna?"

"Zulkarnaini Hakim. Ka rubuta da manyan baƙaƙe."

"Shekarar haihuwa?"

Wannan tambayar ta yi masa daɗi ƙwarai. A otal ma ya ga ana sa shekara a ƙarƙashin sunan mai hoto. Ya faɗa, har ya rage biyu.

"Yaro ƙarami koraa. Yaushe abin ya faru?"

"Jiya Talata. A Jamestown."

"Ei, Talata! Ba a gaya masa ba?"

"An gaya masa. Zulkarnaini ba ya jin tsoron ruwa."

"Haka suke duka. Babu hoton fuska?"

"Ba ma sa hoton mutum. Gidan salla ne."

"A, ku Musulmi, na gane. Mutumin kirki ne?"

Zulkarnaini ya gyara zama. "Bra Ebo, babu irinsa a Nima. Ba a yi ba, kuma ba za a sake yi ba."

Bra Ebo ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya dawo gobe, zai sa masa fararen furanni a gefe kyauta.

Ranar Alhamis ya karɓo abinsa a naɗe, doguwar leda mai kauri da sai da aka ɗaure ta a saman mota. Ya biya ya sayi fenti, baƙi da fari, don bango ya dace da hoto, da galan ɗin fetur na sirkawa. Duk ta bayan gida ya shigo da su don kada a sace masa fasaha. Wasiu kaɗai ya hango shi daga nesa yana jan bokiti.

Juma'a da sassafe ya warware hoton a tsakar gida, sai ga shi ya fi bangon falon tsawo da faɗi. Wani zai ce wannan matsala ce. Zulkarnaini cewa ya yi hoton ne ya fi ƙarfin falo. Kafin ya san yadda zai yi da shi, bari ya rataye shi a waje, a kan ƙofar shagon, Hajiya ta fara gani tun daga cikin tasi. Ya buga ƙusoshi, ya ja da baya ya riƙe haɓa. Teku baƙi da fari, kwale-kwale wayam, takalmi, furanni, sunansa, da shekaru biyu da ɗan layi a tsakani. Duk wanda ya yi mako guda a Akra ya san ma'anar wannan, in ban da mai abin. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ya shige falo, ya murza makulli ta ciki, ya liƙe taga da jarida saboda idon Wasiu, ya zuba fetur a fenti da hannu sake. Bango ɗaya ya yi baƙi ƙirin, ya fara na biyu da fari, sai ɗakin ya soma lilo. Ya ce bari Zulkarnaini ya ɗan zauna ya yi nazari. Ya jingina da baƙin bango, ƙafarsa ta ture bokitin fari, barci ya yi gaba da shi.

Amama ce ta fara ganin fostar da ta fito zubar da shara. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta iya takalmi. Ta saki kwandon ta ɗora hannu a ka.

"Inna lillahi! Zul ya tafi! Ruwa ya ci Zul!"

Kafin ka ce kwabo lungu ya cika. Mai koko ta bar kokonta, mai aski ya fito da wanda ake yi wa askin, kai rabi. Wani ya karanta sunan da ƙarfi, wani ya karanta ranar.

"Talata!" in ji Amama. "Wallahi ranar na gan shi. Ya shigo jiƙe, babu takalmi, na gaishe shi bai amsa ba. Ashe sallama ya zo yi!"

Wasiu ya kutso. "Mma Amama, tsaya. Ni jiya na gan shi da bokitin fenti."

"Ka taɓa shi?"

"A'a."

"Ya yi maka magana?"

"A'a."

"Zul ya wuce ka bai cika baki ba, ka ce mai rai ne?"

Jama'a suka ce gaskiya ne, wannan hujja ce. Amama ta ƙara da cewa wanda ruwa ya ci da aiki a wuyansa haka yake ta yawo da kayan aikin. Wasiu ya buɗe baki zai sake magana, sai idonsa ya sauka kan ƙofar shagon da ke bayan fostar. Ya rufe bakin a hankali. "Allah ya jiƙansa," ya ce, "ni dai rubutu na gani."

A Zongo mutuwa ba ta jiran izini. Mai ba da hayar rumfa ya ga fosta ya kafa rumfarsa ba tare da an kira shi ba, kujerun roba suka biyo baya, mata suka ɗora tukunya. Maƙwabta Kiristoci suka shigo da baƙaƙen zannuwa suna ta'aziyya irin tasu, "due, due." Aka buga ƙofar ɗakinsa, shiru. Aka kira wayarsa, a kashe. Falon Hajiya kuwa ba wanda ya tuna da shi, tunda kowa ya san ba a taɓa fara aikin ba.

Ana cikin haka Rashidatu ta sauko daga motar Kumasi. Tun Talata take kiran wayarsa ba ta shiga, tana ta haɗa faɗan da za ta yi masa a hanya. Ta shawo kwana ta ga rumfa, ta ga takalmin da ita take goge masa duk Juma'a. Jakar ta faɗo daga kanta. Ba ta yi ihu ba, zama ta yi a ƙasa a tsakiyar titi ta rungume Shifa, sai da mata suka ɗaga ta. Duk cika bakinsa mijinta ne, kuma tana son abinta.

Bayan an sauko daga masallaci, Malam Muftahu limamin unguwa ya taho da jama'arsa gaba ɗaya. Aka jona lasifika. Ƙarar lasifikar ce ta tashi Zulkarnaini.

Ya farka kansa na sarawa, ya rarrafa ya yage gefen jarida ya leƙa. Rumfa! Kujeru! Mutane fal, kowa na kallon hotonsa yana girgiza kai. Zuciyarsa ta yi fari. Ya ce a ransa, ashe Nima ta waye.

Sai ya ji Malam na cewa, "Marigayi Zulkarnaini, Allah ya sa ruwan nan ya zama kaffara gare shi."

Zulkarnaini ya ja da baya daga tagar. Ya taɓa hancinsa, ya taɓa ƙirjinsa, ya tabbatar yana nan. Ya yi tsalle ya kama makulli zai murɗa.

"An umarce mu da ambaton alherin mamatanmu," in ji Malam. "Wa ke da shaida?"

Hannun Zulkarnaini ya tsaya a kan makullin. Shekara da shekaru yana yabon kansa shi kaɗai, babu mai taya shi ko da tari. Yau ga lasifika, ga jama'a. Ya koma bakin taga.

Kowa ya shiga laluben abin faɗa. Can mai aski ya karɓi makirfo. "Ni dai tun da ya gyara mini fanka, ba ta sake cin mini wuta ba."

"Allahu Akbar," in ji jama'a.

Mai koko ta ce bai taɓa raina abinci ba, ko na waye. Wani ya ce in marigayi yana wuri ba a kaɗaici, don ba a samun shiru. Wasiu ma da aka matsa masa ya ce mutum ne mai manyan niyyoyi. Zulkarnaini na bayan jarida yana gyaɗa kai, ƙwalla ta cika masa ido. Wallahi duk gaskiya suka faɗa.

Daga nan ya hango Rashidatu a cikin mata, an lulluɓe ta, kafaɗunta na rawa, Shifa na share mata fuska da gefen mayafi. Abin ya soke shi har ƙasan zuciya. Ya ce yanzu zai fita, yanzun nan, bari dai Malam ya ƙarasa wannan maganar, don ya fara cewa "jarumi." Malam ya ƙarasa, wani dattijo ya karɓa da "haziƙi." Wa zai fita a tsakiyar haziƙi?

Yana nan manne da taga tasi ta tsaya. Hajiya Ƙaltume ta fito da rigar sanyi a kan abaya, ta dubi rumfa, ta dubi fosta, Amama ta tare ta da labari tun daga Talata. Hajiya ta dafe mota.

"Wayyo Zul! Na tafi ina yi masa gori. Teku kuma? Me ya kai shi?"

"Hoton ƙawata falo ya je ɗauko miki," in ji Wasiu da muryar tausayi, yana matsowa kusa da jakarta.

Hajiya ta fashe da kuka. Ta ratsa mata ta rungume Rashidatu, sannan ta buɗe jaka ta ciro makullin shago, ta ce a ba ta makirfo.

"Malam, ka shaida, jama'a ku shaida. Saboda shagon nan yaron nan ya rasa ransa. Na ba Rashidatu shi halak malak, ita da marainiyar nan, ta yi sana'a ta riƙe kanta. Ba haya, ba aro."

Ta danƙa mata a hannu. Malam ya ce a shafa fatiha. Wasiu ya shafa tasa kamar mai goge zufa.

"A'a! A'a! Ku tsaya!"

Ihun daga cikin gida ya fito. Ƙofar falo ta yi ta girgiza, don fenti ya riƙe ta, sannan ta ɓalle gaba ɗaya. Wani abu ya fito da gudu ta zaure: bayansa da rabin fuskarsa baƙi ƙirin, daga ƙugu zuwa ƙasa fari fat, guntun jarida a manne a goshi, yana barin farin sawu a ƙasa.

Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Kujeru suka tashi sama, rumfa ta durƙusa, tukunya ta kife. Mai aski ya haye katanga da makirfo a hannu, ana jin salatinsa a lasifika har unguwar Mamobi. Malam Muftahu ya tuna cewa shi shugaba ne bai kamata ya gudu ba, don haka ya yi tafiya mai sauri zuwa bayan tasi. Amama ta tsaya da tsintsiya tana karanta duk abin da ya zo bakinta, har da addu'ar cin abinci.

"Ni ne! Wallahi ni ne!" Ranar ce aka fara jin kalmar "ni" a bakinsa.

Hajiya ba ta gudu ba, gwiwa ba ta bari. Ta leƙa ta zaure, ta hango falonta ta ƙofar da ta ɓalle: bango ɗaya baƙi kamar gindin tukunya, kafet na iyo cikin fari, kwanukan jerenta duk sun yi ɗigo-ɗigo.

"Ku dawo," ta ce. "Fatalwa ba za ta iya wannan ɓarnar ba. Shi ne."

Rashidatu ta taso a hankali. Ta taɓa hannunsa, fenti ya kama yatsunta, ta dube su, sai ta riƙe rigarsa da hannu biyu tana kuka tana dariya. "Baban Shifa! Kana nan! Alhamdu lillahi, kana nan!" Jama'a suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, har wasu matan na taya ta hawaye. Da ya yi shiru a nan, da ya ci riba. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Ina nan mana! Kin ji abin da aka faɗa kan Zulkarnaini? Jarumi! Haziƙi! Mai aski ma ya yarda da aikina a gaban duniya."

Rashidatu ta sassauta riƙon. "Ka ji mai aski?"

"Tun daga farko! Ta taga nake kallo, babu wanda ya wuce ni."

"Ka gan ni?"

"Na gan ki mana. Ai kin fi kowa kuka, na ji daɗi ƙwarai."

Ta saki rigar. Har Amama ta sauke tsintsiya. Zulkarnaini bai lura ba, ya riga ya juya wajen Hajiya yana murza hannu.

"To Mma Hajiya, tunda ga ni, maganar shago sai a gyara. Fentin ma saura kaɗan."

Hajiya ta dubi Malam, wanda ya fito daga bayan tasi yana gyara rawani.

"An yi kyauta, an karɓa, an shafa fatiha," in ji Malam. "Ko ni na mutu na dawo, ba ta tashi."

"Ba komai, ai duk gida ne." Ya miƙa wa matarsa baƙin tafin hannunsa yana murmushi. "Maman Shifa, kawo makullin."

Rashidatu ta share idonta tas. Ta ɗaure makullin a bakin zaninta, ta ƙulle, ta sake ƙullewa, ta kama hannun Shifa.

"Matar marigayi aka ba," ta ce. "Kai kuwa, bawan Allah, ban san ka ba. Mijina yanzu na ji a lasifika, mutumin kirki ne."